Yadda kuɗin takardun shiga Amurka ya yi ta hawa, daga 1988 zuwa 2025

A shekarar 1988 ne Majalisar Dokokin Amurka ta buɗe wani asusu na musamman, ta ce kuɗin da baƙi ke biya wajen shigar da takardunsu, da shi za a riƙa gudanar da aikin tantance su. Da aka rushe tsohuwar hukumar shige da fice a 2003 aka kafa USCIS, sai sabuwar ta gaji wannan tsari. Kusan kashi 96 cikin ɗari na abin da take kashewa daga aljihun masu nema yake fitowa. Saboda haka duk sa'ad da takardu suka taru ko albashi ya ƙaru, wurin baƙo ake komawa.

Bizar ƙwararru ta H-1B, wadda dokar 1990 ta samar da gurbi 65,000 a shekara, ita ta fi nuna yadda aka yi ta ɗora kaya. A 1998 aka sa wa kamfanin da ya ɗauko baƙon ma'aikaci dala 500 don horar da 'yan ƙasa. A 2004 kuɗin ya kai dala 1,500 ga manyan kamfanoni, aka ƙara wata dala 500 ta yaƙi da zamba. Tun 2001 kuma aka buɗe ƙofar masu gaggawa: ka biya dala 1,000 a duba takardarka cikin kwana 15. Zuwa Fabrairun 2024 wannan kuɗin ya kai dala 2,805.

An yi babban ƙari a kan kuɗin takardun hukumar gaba ɗaya a 2007, aka sake wani a Disamban 2016. Na 2020 ne ya gamu da cikas. A shekarar, annobar korona ta rage masu nema, har hukumar ta yi barazanar tura ma'aikata kusan 13,000 hutun dole. Gwamnatin Donald Trump ta so kai kuɗin neman zama ɗan ƙasa daga dala 640 zuwa 1,170, ta kuma sa wa mai neman mafaka dala 50, abin da Amurka ba ta taɓa yi ba. Saura kwana uku dokar ta fara aiki, ranar 29 ga Satumba, alƙali Jeffrey White na kotun tarayya a Kalifoniya ya dakatar da ita.

Dakatarwar ta jinkirta lamarin ne kawai. Ranar 1 ga Afrilun 2024, a zamanin Joe Biden, takardar H-1B ta tashi daga dala 460 zuwa 780, ta wata bizar aiki mai suna L-1 ta koma 1,385. Rajistar shiga ƙuri'ar da ake zaɓen masu samun H-1B da ita, wadda da dala 10 ce, ta zama 215. Aka kuma ƙirƙiro dala 600 da kamfani zai biya don ɗaukar nauyin sauraron masu neman mafaka. Wannan ya cancanci a dube shi da kyau, domin a nan aka fito fili aka ɗora wa mai ɗauko baƙo ɗaya nauyin wani baƙon, alhali alkawarin kare mai gudun hijira alkawari ne na ƙasa baki ɗaya, kuma daga baitulmalinta ya kamata a cika shi.

A 2025 manufar kuɗin ma ta sauya. Dokar da Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yuli, bayan ya dawo mulki, ta sa wa mai neman mafaka dala 100, da dala 550 kafin a ba shi izinin aiki na farko. Mutumin da ya tsero da rigar jikinsa aka ce ya biya kafin a bar shi ya nemi abinci.

Ranar Juma'a 19 ga Satumba kuma aka fitar da sanarwar dala 100,000 a kan H-1B, za ta fara aiki ranar 21. Hankali ya tashi a kwana biyun nan. Microsoft da Amazon suka aika wa ma'aikatansu da ke waje su dawo kafin wa'adin ya cika. Indiyawa, waɗanda ke riƙe da kusan kashi 70 cikin ɗari na wannan biza, suka yi ta katse hutu da bukukuwan aure suna neman tikitin jirgi ko nawa ne. Sai ranar Asabar kakakin Fadar White House, Karoline Leavitt, ta bayyana cewa sau ɗaya ake biya, kuma sababbin masu nema kaɗai ya shafa.

Ba wanda zai ce duba takarda ɗaya na cin dala 100,000. Katanga aka gina da kuɗi. Manyan kamfanonin fasaha na iya tsallake ta. Ƙananan asibitocin karkara da ke dogara da baƙin likitoci, ciki har da 'yan Nijeriya, da jami'o'i masu ɗaukar malamai daga waje, su ne abin ya fi ƙarfinsu. A watan Oktoba Cibiyar 'Yan Kasuwa ta Amurka ta kai gwamnati ƙara, tana cewa shugaban ƙasa ya wuce hurumin da Majalisa ta ba shi.