Daga Dillalin Zongo Zuwa Kotu: Tarihin Haƙƙin Wanda Kayan Kamfani Suka Yi Wa Lahani a Tamale

Haƙƙin mai saye a kan wanda ya sayar masa da kaya masu aibi ya girmi kotunan Turawa a arewacin Gana. Fataken Hausa da suka riƙa kai kanwa da tufafi da fatu Salaga, su dawo da goro, sun zo da nasu tsarin ciniki. Baƙo yana sauka gidan fatoma, dillali ya shiga tsakani, kuma sunan waɗannan biyu shi ne jingina. In an buɗe huhun goro aka tarar da ɓatacce a ƙasa, mai kyau a sama, an san gidan da za a je. Fiƙihun Malikiyya da malaman zongo ke karantarwa ya haramta algus, ya kuma ba mai saye zaɓin mayar da haja idan ya gano aibin da aka ɓoye masa. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 'yan kasuwa sun watsu zuwa wasu garuruwa, kuma da Turawan Ingila suka mayar da Tamale hedikwatar yankin arewa a 1907, garin ya cika da masu ciniki da irin wannan al'ada.

Tsarin ya dace da kasuwar da kowa ya san kowa. Abin da bai tanada ba shi ne kayan da aka rufe a wata masana'anta mai nisa, suka ratsa hannu biyar ko shida kafin su iso teburin mai kanti. Mai kanti bai ga cikin kwalba ba, bai san yadda aka haɗa maganin ba. Wanda ya sani yana can ƙetare, ba wata yarjejeniya tsakaninsa da wanda ya sha.

Dokar Ingila, wadda aka shigo da ita Gwal Kos (Gana ta yau) ta dokar kafa babbar kotu ta 1876, ita ma ta daɗe da wannan giɓi. Ƙa'idarta ita ce mutum ba ya ƙarar kowa a kan haja sai wanda suka yi ciniki da shi. Abin ya sauya ne saboda wata mata a Sukotland, May Donoghue. A watan Agustan 1928, a garin Paisley, wata ƙawarta ta saya mata lemon citta a kwalba mai duhu. Ta sha rabi, da aka zuba ragowar sai ga abin da ta ce ruɓaɓɓen dodon koɗi ne. Ta kwanta ciwo. Tunda ba ita ta biya kuɗin ba, ba ta da ikon ƙarar mai shagon, sai ta kai ƙarar mai masana'antar, David Stevenson. A ranar 26 ga Mayun 1932 alƙalan majalisar dattawan Ingila, uku bisa biyu, suka yanke cewa wanda ya ƙera abu ya rufe shi, da nufin ya isa ga mai amfani ba tare da an sake duba shi ba, to akwai nauyin yin hattara a wuyansa game da lafiyar wannan mutum. Bayan shekara uku wani likita a Ostireliya, mai suna Grant, ya yi nasara a kan kamfanin da ya saƙa masa tufafin ciki masu sauran sinadari da suka ɓata masa fata. Wannan hukunci ya fito daga kotun da ita ce ta ƙarshe ga ƙasashen da Ingila ke mulka, har da Gwal Kos.

Bayan 'yancin kai na 1957 alƙalan Gana sun ɗora a kan wannan tushe, kuma shari'u biyu ne ɗaliban lauya ke haddacewa har gobe. A 1965 wani mai suna Aboagye ya yi ƙarar kamfanin giya na Kumasi bayan ya tarar da ruɓaɓɓiyar kwakwar manja a kwalbar da yake sha. A 1973 kotun ɗaukaka ƙara ta duba ƙarar Acheampong, wanda ya sha giyar da kananzir ya gurɓata. A duka biyun mai ƙara ne ya yi nasara. Muhimmancinsu yana wajen hujja. Talaka ba shi da hanyar shiga masana'anta ya nuna inda aka yi sakaci, kuma kamfani kullum zai kawo shaidu su bayyana yadda injinansa ke wanke kwalabe. Kotunan suka ɗauka cewa samun irin wannan ƙazanta a cikin abin da aka rufe, shi kansa alama ce ta sakaci, sai kamfanin ya zo ya wanke kansa. Wannan adalci ne, domin mai masana'anta ne kaɗai ya san abin da ke faruwa a bayan katangarsa.

A ɓangaren majalisa, dokar sayar da kayayyaki ta 1962 ta sa sharaɗi a cikin kowane ciniki, ko an faɗa ko ba a faɗa ba, cewa haja ba ta da wani aibin da ba a bayyana wa mai saye ba, sai dai in ya duba ta kuma aibin irin wanda duba zai nuna ne. Duk wanda ya karanta babin ciniki a zaure zai ga kamannin wannan da zaɓin aibi. Dokar 1963 kan alhakin ɓarna ta ba iyalan wanda ya rasu damar neman diyya, ta kuma ce in wanda ya ji ciwo yana da nasa laifin, a rage masa diyya gwargwado maimakon a hana shi baki ɗaya.

Sai kuma hukumomin rigakafi. An kafa hukumar auna ingancin kayayyaki a 1967, dokar abinci da magunguna ta zo a 1992, sannan dokar lafiyar jama'a ta 2012 ta kafa hukumar abinci da magunguna (FDA) a siffarta ta yanzu, wadda ke da ofishi a Tamale. Ita ce a 2015 ta fallasa manjan da aka zuba wa rinin masana'anta don ya yi ja. Hukumar tana iya ƙwace kaya, ta ƙone su, ta gurfanar da mai laifi. Amma ba ta biyan kuɗin asibitin kowa. Diyya aikin kotu ne.

A nan ne Gana ta tsaya a inda wasu suka wuce. Bayan maganin talidomaid ya nakasa dubban jarirai a ƙarshen shekarun 1950 da farkon 1960, ƙasashen Turai suka amince a 1985 cewa wanda ya ji rauni ya nuna aibin kayan da lahanin da suka yi masa kawai, ba sai ya tabbatar da sakaci ba. Najeriya ta haɗa haƙƙoƙin masu saye a doka guda da aka sa wa hannu a 2019. A Gana an shafe shekaru ana magana a kan daftarin irin wannan doka, haƙƙoƙin kuwa suna warwatse cikin dokoki daban-daban da tsoffin hukunce-hukunce.

Illar hakan ta fi bayyana a kasuwa irin ta Aboabo. Tamale garin babura ne. Takalmin birki na jabu da ya ƙi kamawa a mararraba, ko cajar waya da ta kama da wuta cikin dare, ko man shafawa da ya ƙone fuska, galibi an shigo da su ne daga ƙetare, ba sunan kamfani na gaskiya a jikinsu, ba rasit. Mai shagon da za a kama shi ma ɗan'uwa ne ko maƙwabci, don haka sai a ce ƙaddara ce, a je gaban sarkin zongo ko shugaban 'yan kasuwa a sasanta, a mayar da kuɗin haja. Sulhu alheri ne, kuma dokar 2010 ta sasanci ta amince da shi, sai dai kuɗin haja ba ya kai ko kusa da abin da aka kashe a asibitin koyarwa na Tamale.

Wanda irin wannan ya sama yana da ƙafar tsayawa idan ya adana kayan da kwalinsu da lambar da ke jiki, ya karɓi rahoton likita, ya kai rahoto ga FDA ko hukumar auna inganci. Marar halin ɗaukar lauya yana iya zuwa hukumar ba da taimakon shari'a. Dokar ƙayyade wa'adi ta 1972 ta ba shi shekara uku ne kawai ya shigar da ƙarar diyya kan raunin jiki.