Daga Askar Wanzami Zuwa Allurar Barci: Tarihin Fargabar Daren Tiyata

A cikin masu kwana a asibiti suna jiran a shiga da su tiyata da safe, akwai wani sabon baƙo: mutumin da ya zo da ƙafarsa, ba zazzaɓi ba rauni, don a rage masa tumbi saboda ƙiba. Fargabarsa tsohuwa ce, sai dai ta sha sauya kama.

Kafin zuwan asibiti, wanzami ne mai fiɗa a ƙasar Hausa. A garuruwa irin su Zakirai, hedikwatar ƙaramar hukumar Gabasawa, shi ke cire belin jariri, shi ke yi wa yara kaciya idan hunturu ya kama, shi ke kafa ƙaho ya kuma tsaga maruru. Ba shi da maganin kashe zafi, amma yana da sanayya. Gidajen da yake yi wa aiki gadonsu ya yi wurin mahaifinsa. Yaron da za a zaunar ya ga an yi wa yayyensa. Ya san askar, ya san mai riƙe shi, ya san kwanakin jinya da kazar da za a yanka masa. Tsoron yana da iyaka domin an san girmansa, abin da ake nema kawai shi ne dauriya.

Ranar 16 ga Oktoba 1846, a babban asibitin Massachusetts da ke Boston a Amurka, William Morton ya shaƙa wa wani majinyaci tururin sinadarin eta, likita John Collins Warren ya cire masa ƙari a wuya ba tare da ihu ba. Wannan ilimi ya iso Kano tare da Turawan mulki, ya zauna a Asibitin Birni da aka buɗe a shekarun 1920 kusa da Ƙofar Mata, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Murtala Muhammad. Zafi ya kau, wani tsoron ya maye gurbinsa: a sa mutum barci a hannun wanda bai san asalinsa ba, a ɗakin da aka hana danginsa shiga, bayan an ce wani ya sa hannu a takarda. Dauriya ba ta da amfani ga wanda ba ya cikin hayyacinsa. Ga shi kuma mutanen karkara ba sa kai mara lafiya birni sai magungunan gida sun gaza, don haka da yawa daga waɗanda aka yi wa aiki sun riga sun galabaita, mutuwarsu kuma aka ɗora wa wuƙa. Daga nan al'adar daren tiyata ta ginu: neman yafiya, faɗin basussuka, sadaka, da rubutun sha.

Likitoci sun daɗe suna ganin maganin wannan fargaba ƙwaya ce. A 1958 masanin halayyar ɗan Adam Irving Janis ya kawo hujjar cewa matsakaicin tsoro yana da amfani, domin shi ke sa majinyaci ya yi tambaya ya shirya wa abin da zai tarar. Wanda ya shiga yana cewa ba komai shi ya fi fusata idan ya farka cikin ciwo. Binciken da ya biyo baya bai gaskata duk maganarsa ba, amma ta buɗe ƙofa. A 1963 Lawrence Egbert da abokan aikinsa, a asibitin nan dai na Boston, suka kwatanta abu biyu: maganin sa barci, da ziyarar 'yan mintoci ta likitan allurar barci a daren aiki, yana bayyana abin da zai faru daki-daki. Maganin ya kawo gyangyaɗi ba tare da natsuwa ba; ziyarar ce ta kwantar da hankali. Shekara guda bayan haka suka nuna cewa waɗanda aka yi wa bayanin ciwon da za su ji bayan aikin ciki sun buƙaci kusan rabin maganin kashe zafi, aka kuma riga sallamar su da kusan kwana uku. Abin da wanzami ya samu kyauta ta hanyar maƙwabtaka, sai da asibiti ya auna shi kafin ya yarda da shi.

Tiyatar ƙiba, wadda Edward Mason ya kafa ginshiƙinta a Jami'ar Iowa a shekarun 1960, ta ƙara wani nauyi na daban. A nau'in da ya fi yaɗuwa yau, ana cire wajen kashi 80 cikin 100 na tumbi ta ƙananan huji a ciki, kuma a cibiyoyi masu ƙwarewa haɗarin mutuwa ya yi kusa da ɗaya cikin dubu. Lissafin yana da sauƙi, amma Bahaushe ya taso yana jin cewa ƙiba alamar wadata ce, har ana yaba miji idan amarya ta yi ɓulɓul. Wanda ciwon sukari, hawan jini da ciwon gwiwa suka tura shi ga likita yakan ji ana cewa lafiyarsa ƙalau, me ya kai shi? Sai ya ɓoye. Da yawa sukan tafi Masar ko Indiya da ɗan rakiya guda, ba sallama ba neman addu'a, wato sun bar kariyar gargajiya a gida, bayanin likita kuma yana iso musu ta bakin tafinta. Wannan shi ne mafi munin haɗi, kuma kunya ce ta ƙulla shi.

Hanyoyin biyu ba sa karo, sai a wuri ɗaya. Ana hana abinci sa'o'i shida kafin allurar barci, don kada abin da ke tumbi ya koma huhu, kuma wasu jiƙe-jiƙe na iya taɓa jini ko sukari. Saboda haka rubutun da gwaggo ta aiko a gora, da sassaƙen da ake sha a ɓoye, suna cikin abin da ya kamata likitan allurar barci ya ji labarinsu a ziyarar daren.