An Rushe Haikali, Amma Addu'a Ba Ta Rushe Ba

Da yawa daga cikinmu mun tashi mun tarar ana addu'a a gida da majami'a, muka ɗauka ba tare da mun tambayi inda ta samo asali ba. Shi ya sa idan muka roƙi abu bai samu ba, sai gwiwarmu ta yi sanyi, mu fara cewa ko Allah bai ji ba ne. Bari mu koma baya mu ga yadda Ibraniyawa suka fahimci addu'a, domin a hannunsu Ubangijinmu Yesu ya tashi, a bakinsu kuma ikilisiya ta koyi yin ta.

Kalmar "addu'a" da muke faɗa da Hausa daga Larabci ta zo, ma'anarta kira ko roƙo. A Ibrananci kuwa ana cewa "tefilla". Aikatau ɗinta shi ne "hitpallel", wanda masana da yawa ke dangantawa da yin shari'a ko shiga tsakani, kuma siffarsa ta aikin da ke komawa kan mai yinsa ce. Saboda haka malaman Yahudawa suka koyar cewa mai addu'a yana auna kansa ne a gaban Allah. Ya zo da buƙatarsa, amma kafin ya tashi an binciki zuciyarsa. "Amin" ma daga Ibrananci take, daga tushen da ke nufin abin da ya kafu, abin dogara. Idan ka ce amin, ka sa hannu ke nan cewa maganar gaskiya ce kuma ka tsaya a kanta.

A zamanin Musa da na sarakuna, sujada tana tafiya ne da hadaya. Littafin Fitowa sura 29 ya umarci a miƙa ɗan rago ɗaya da safe, ɗaya da yamma, kowace rana. Duk da haka talaka yana da bakin yin magana da Allah. Hannatu ta je Shilo da baƙin cikin rashin haihuwa, leɓunanta na motsi amma ba a jin muryarta, har Eli firist ya zaci ta bugu. Daga baya malaman Yahudawa suka ɗauki labarinta a matsayin hujjar yin addu'a da murya ƙasa-ƙasa. Matar da aka yi wa kallon mashayiya ita ta zama malamar al'umma.

Babbar jarrabawa ta zo wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, lokacin da sojojin Nebukadnezzar suka ƙone Haikalin Urushalima, suka kwashe mutane zuwa Babila. Babu bagade, babu hadaya, babu hayaƙin turare. To, da me za a kusanci Allah? Littafin Daniyel sura 6 ya nuna mana amsar: dattijo a ƙasar bauta, tagoginsa a buɗe wajen Urushalima, yana durƙusawa sau uku a rana. Da aka kafa dokar hana roƙon kowa sai sarki har kwana talatin, bai ƙara ba, bai rage ba, ya ci gaba da abin da ya saba. Sabon da ya yi tun ana zaman lafiya shi ya riƙe shi ranar ramin zakuna.

An sāke gina Haikali bayan dawowa daga bauta, amma al'adar addu'a a kan lokaci ta riga ta kafu. A zamanin Yesu akwai majami'u a garuruwan Galili da Yahudiya inda ake karanta Attaura da Annabawa ranar Asabar. Bayahude mai ibada yakan furta "Shema" safe da yamma, wato shaidar kaɗaitakar Allah da ke Maimaitawar Shari'a sura 6. Zabura 150 kuma su ne littafin addu'ar jama'a. A cikinsu akwai yabo, akwai kuka, akwai ma ƙorafi. Da aka tambayi Yesu doka mafi girma, da Shema ya amsa. A kan gicciye, kalmomin Zabura 22 da 31 ne suka fito daga bakinsa. Abin da mutum ya cika cikinsa da shi, shi ke fitowa ranar wuya.

Addu'ar da ya koya wa almajiransa ma ƙamshin gida take yi. Ta fara da tsarkake sunan Allah da zuwan mulkinsa, kamar yadda tsohuwar addu'ar Yahudawa da ake kira "Kaddish" take farawa. Sai bayan haka abincin yini, gafara da kāriya suka biyo. Ku lura da jerin: Allah tukuna, sannan cikinmu. A Getsamani Yesu ya kira Allah "Abba", kalmar Aramiya da ɗa ke kiran mahaifinsa da ita, ya roƙi a ɗauke masa ƙoƙon wahala. Ba a ɗauke ba. Ya miƙa kansa ga nufin Uba, aka ƙarfafa shi ya sha. Wa zai ce ba a ji addu'ar nan ba? Bulus ya gaya wa Romawa da Galatiyawa cewa Ruhu Mai Tsarki ya sa wannan kalma ta Abba a bakinmu mu ma.

Masu bi na farko ba su yar da lokatan addu'a ba. A Ayyukan Manzanni sura 3, Bitrus da Yohanna suna hanyar Haikali da ƙarfe uku na rana, lokacin addu'a, suka sadu da gurgun nan. A sura 10, Bitrus yana addu'a a kan soro a Yafa da tsakar rana ya ga wahayin da ya buɗe wa al'ummai ƙofa, mu ma a ciki. A shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu, Romawa a ƙarƙashin Titus suka rushe Haikali na biyu. Malaman Yahudawa suka taru a Yabne suka daidaita addu'ar tsaye mai albarku goma sha takwas, wadda ake yi sau uku a rana. Wani tsohon littafin koyarwar ikilisiya mai suna Didake kuwa ya umarci masu bi su yi Addu'ar Ubangiji sau uku a rana. Duwatsu sun zube, amma mutanen Allah ba su yi shiru ba.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, me wannan tarihi ke faɗa mana? Addu'a ba takardar cefane ba ce da za mu miƙa wa Allah mu tsaya jiran canji. Zama ne na ɗa a gaban Ubansa, inda ake faɗin gaskiya, a kuma karɓi gyara. Ba ta jingina ga gini ba. 'Yan'uwanmu da suka taɓa rasa ɗakin sujadarsu sun san haka. Kuma tana son lokaci tsayayye, domin da sanyin safiya ake kama fara.

Ga shawara ta wannan mako: ka keɓe lokaci uku, safe, rana da dare, ko da minti biyar-biyar ne. Ka ajiye waya. Ka karanta Zabura ɗaya, ka yi Addu'ar Ubangiji a hankali, sannan ka faɗi damuwarka ba ɓoye-ɓoye. Idan ka kai ga amin, ka tuna abin da kake nufi.

Ubangiji ya koya mana yin addu'a kamar yadda ya koya wa almajiransa. Amin.