Daga Ƙofar Mazugal zuwa Twitch: Tarihin Bakin Ɗan Kallo

Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambaci wata ƙofa da ya kira ta Mazugi a cikin ƙofofi takwas na ganuwar da aka fara ginawa a zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134. Ita ce Ƙofar Mazugal ta yau, tsakanin Ƙofar Wambai da Ƙofar Ruwa, ba nisa da Dutsen Dala, inda masu binciken kufai suka gano alamun narka ƙarfe tun wajen ƙarni na 7. Kunnen Bahaushe yana jin kalmar zuga a cikin wannan suna, kuma zuga tana da ma'ana biyu: hura wutar maƙera da zuga-zugi, da kuma ingiza mutum da baki har ya aikata abin da bai yi niyya ba. Ma'ana ta biyun ce ta dame mu a yau, domin an samu wata sana'a a duniya wadda jarinta kacokan shi ne bakin 'yan kallo: matashi ya zauna gaban kwamfuta yana buga wasan dabara kai tsaye, dubban mutane suna rubuto masa yabo da gyara da zagi, suna kuma biyansa.

Sana'ar sabuwa ce, amma matsalar da ke cikinta tsohuwa ce. Wanda ya taɓa tsayawa a majalisar cikin birni bayan la'asar ya san ta. A darar gargajiya ana haƙa gurabe talatin a ƙasa, layi biyar sau shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya goma sha biyu, wani da tsakuwa wani da guntayen kara. Da farko a yi ta zuba su ɗaya bayan ɗaya, sannan a shiga matsar da su gurbi guda, gaba ko baya ko gefe. Wanda ya jera uku ya cinye ɗa guda na abokin karawarsa. Babu sa'a a ciki ko kaɗan, kuma babu abin da ke ɓoye: duk abin da mai wasa yake gani, na tsaye a kansa ma yana gani. Sau da yawa ma na tsayen ya fi gani, tunda ba shi da abin asara. Daga nan rigima take tasowa. Tari guda ko gyaran murya daga ɗan kallo ya isa ya ceci wanda aka kusa yi wa tarko. Shi ya sa ladabin majalisa, ko a dara ko a dirafti, ya ware abu biyu: a yi shewa da tsokana bayan an ci, amma a kama baki kafin a taɓa ɗa.

Wannan iyaka ta sha gwaji a fadar Bagadaza fiye da shekara dubu da suka wuce. Masanin tarihi Al-Mas'udi ya ba da labarin karawar shaɗaranji tsakanin Al-Mawardi, gwanin fada, da Abubakar As-Suli, a gaban Halifa Al-Muktafi wanda ya yi mulki daga 902 zuwa 908. Halifa yana son Al-Mawardi, ya kuma riƙa ƙarfafa masa gwiwa a fili ana cikin wasa, har As-Suli ya rikice da farko. Da ya dawo cikin hayyacinsa sai ya yi wa gwanin fada cin kaca, shi kuwa Halifa nan take ya juya wa na hannun damansa baya da baƙar magana. Darasi biyu ne a nan. Na farko, goyon bayan mai kallo makami ne a kan abokin karawa ko da bai faɗi dabara ko ɗaya ba. Na biyu, soyayyar da nasara ta haifa, faɗuwa ɗaya ta ishe ta. Wasan nan bai tsaya a Gabas ba; ya iso yankinmu, domin a shekarun 1930 Turawan mulki sun rubuta bayanin irin shaɗaranjin da suka tarar ana bugawa a Borno.

Intanet ta zo ta sauya lissafi ta fuskar yawa. A 1999 zakaran duniya Garry Kasparov ya kara da abin da aka kira tawagar duniya a dandalin Microsoft. Fiye da mutum 50,000 daga ƙasashe sama da 75 suka shiga, ana jefa ƙuri'a a kan kowane motsi, wasu matasan gwanaye huɗu suna ba da shawara, cikinsu har da Irina Krush mai shekara 15. An shafe wata huɗu kafin Kasparov ya yi nasara a motsi na 62, ya kuma shaida cewa wasan ya ba shi wuya ƙwarai. Abu biyu suka fito fili. A motsi na 58 shawarar Krush ba ta iso ga masu ƙuri'a a kan lokaci ba, taron ya zaɓi wata hanyar, wasan ya lalace. Daga baya kuma Kasparov ya amsa cewa yana karanta muhawarar da abokan karawarsa suke yi a fili. Ma'ana, taro yana da basira idan akwai mai tace masa ra'ayi, amma taro ba ya iya riƙe sirri.

A daidai wannan lokaci ne Koriya ta Kudu ta mayar da wasan kwamfuta sana'a. Wasan StarCraft, wanda kamfanin Blizzard ya fitar a 1998, ya samu tashoshin talabijin na musamman, kuma ƙungiyar masoyan shahararren ɗan wasa Lim Yo-hwan ta haura mutum 500,000. Sai dai StarCraft ya bambanta da dara a wuri guda mai muhimmanci: ɗan wasa ba ya ganin abin da abokin hamayyarsa yake shiryawa, amma 'yan kallo suna ganin ɓangarorin biyu. Ihun mamaki kaɗai zai iya tona harin ba-zata. Maganin da aka samo shi ne sanya 'yan wasa cikin ɗakunan gilashi masu tare sauti. Abin da kunya take yi a majalisar dara, a can sai da aka gina masa bango.

Dandalin Twitch, wanda aka buɗe a 2011, Amazon kuma ya saye shi a 2014 a kan kimanin dala miliyan 970, ya rushe wannan bango. Mai wasa yana karanta saƙonnin masu kallo yana cikin fafatawa, kuma abincinsa yana fitowa daga kuɗin rajistarsu da kyaututtukansu da talla. Daga nan tsofaffin cututtuka suka dawo da sababbin tufafi. Akwai masu faɗa masa abin da zai yi a kowane motsi. Akwai abokin karawa da zai buɗe shirin a ɓoye ya ga shirinsa, abin da ya sa ake jinkirta hoto a gasanni. Ko a shaɗaranjin gaba-da-gaba, bayan Magnus Carlsen ya janye daga gasar Sinquefield a 2022, masu shirya ta sun jinkirta watsa wasannin da minti 15.

Ba a ce bakin ɗan kallo sharri ne zalla ba. A watan Afrilun 2024 ɗan Nijeriya Tunde Onakoya ya shafe awa 60 yana buga shaɗaranji a dandalin Times Square na birnin New York, ana watsawa kai tsaye, domin tara kuɗin karatun yara. Kiɗa da addu'a da saƙonnin 'yan ƙasarsa sun taimaka masa ya jure barci da gajiya. Irin wannan zuga ita ce ta maƙeri, mai ƙara wa wuta ƙarfi ba tare da ta karɓe guduma daga hannunsa ba.

To, mene ne bambancin majalisar Ƙofar Mazugal da allon waya? Abu uku ne. A majalisa mai magana yana da fuska da suna da gidan da ya fito, gobe kuma za a haɗu da shi a masallaci ko wurin ɗaurin aure. A intanet yana iya zagi ya ɓace. A majalisa akwai dattijon da idan ya ce a yi shiru za a yi. A intanet sai mai wasa ya naɗa masu tsaron zaure da kansa. Na uku shi ne mafi nauyi: a majalisa ɗan kallo ba ya ciyar da mai wasa. Ranar da ya fara ciyar da shi, ya tashi daga ɗan kallo ya koma ubangida. Kuma abin da ke faranta wa ubangida, wato kasada da ban mamaki, ba kullum ne yake cin wasa ba. Dabara tana son haƙuri, allo kuwa yana son hayaniya.

Matasanmu da suka fara watsa wasanninsu a TikTok da Facebook da YouTube za su ci karo da wannan zaɓi, iyayensu da malamansu ma ya kamata su fahimce shi. Tarihin nan yana nuna ƙa'ida mai sauƙi. Yabo a karɓe shi ana cikin wasa, domin yana ƙara kuzari. Gyara a ajiye shi sai an tashi, a zauna a tantance na masani da na mai surutu. Shawarar motsi kuwa a rufe mata ƙofa tun farko, domin wanda aka faɗa wa amsa bai ci ba, an dai ci da hannunsa. Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Mai wasan da ya bar fadawansa suka riƙe masa 'ya'yan dara, ranar da dara ta ci gida shi kaɗai za a bari a gaban gurabe.