Tarihin Tsara Manhaja Bisa Abubuwa da Darasinsa ga Fadamar Haɗeja

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bin diddigin wata hanya ta rubuta manhajar kwamfuta, wadda za mu kira tsari bisa abubuwa, tare da ƙa'idojin rubutun da suka biyo bayanta. Sa'an nan za mu auna su da sha'anin ruwan kogin Haɗeja, wanda manoman shinkafa na ƙasar Jahun da Miga da Auyo suka dogara a kansa. Abin da muke son nunawa shi ne, duk abin da mai rubuta manhaja bai ware masa gurbi da suna ba, to ya fita daga lissafi ke nan.

2.0 Asali

An haifi wannan tsari ne a birnin Oslo na ƙasar Norwe. Daga 1962 Kristen Nygaard da Ole-Johan Dahl suka shiga ƙera wani harshen kwamfuta mai suna Simula, wanda suka ɗora a kan harshen ALGOL 60. Bukatarsu ita ce kwaikwayon al'amuran duniya a cikin na'ura, inda abubuwa da yawa ke gudana lokaci guda, kowanne da halinsa. Suka ga cewa jerin umarni ɗaya mai tsawo ba ya wadatarwa, gara kowane abu ya riƙe bayanansa da ayyukansa a wuri guda. A 1967 suka gabatar da Simula 67, wanda a cikinsa aji da gado suka bayyana.

Daga nan sai aikin ya ƙetara Amurka. A cibiyar bincike ta Xerox da ke Palo Alto, Alan Kay da Dan Ingalls da Adele Goldberg suka gina Smalltalk tun daga 1972, suka ƙarfafa ra'ayin cewa abubuwa na mu'amala ne ta aika wa juna saƙo. Shi kuwa Bjarne Stroustrup ya yi amfani da Simula a karatunsa na Kambirij, ya yaba da tsarinsa amma ya koka da nauyin tafiyarsa. Saboda haka a 1979 ya fara shigar da aji cikin harshen C, aikin da aka raɗa wa suna C++ a 1983. Python ya fito a 1991, Java kuma a 1995.

3.0 Ginshiƙan Tsarin

Bari mu yi bayaninsu da kogin da muka sani. Aji shi ne siffar da ta game wasu abubuwa, alal misali Madatsa, abu kuwa ɗaya ne takamaimai daga cikinsu, kamar Tiga ko Challawa. Ginshiƙi na biyu shi ne ɓoye ciki, wanda David Parnas ya yi wa hujja a 1972, watau kowane sashe ya rufe yadda yake aiki, ya bar ƙofa ɗaya ta mu'amala. Mai lissafin kogi ba ya bukatar sanin cikin lissafin madatsa, abin da ta saki kawai yake nema.

Na uku shi ne gado. Idan an tsara babban aji na Mazaunin Ruwa, to Madatsa da Magudana da Fadama sai su gaji siffofinsa, kowanne ya ƙara nasa. A 1987 Barbara Liskov ta gindaya sharaɗi, cewa lalle ne magaji ya iya tsayawa a gurbin wanda ya gada ba tare da aiki ya ɓaci ba. Na huɗu shi ne amsa saƙo guda ta hanyoyi dabam-dabam. In an ce “karɓi ruwa”, madatsa za ta tare shi, magudana ta wuce da shi, fadama kuwa ta shimfiɗa shi, wani ya nutse ya raya rijiyoyi, wani ya tashi sama.

4.0 Ƙa'idojin Rubutu

Na'ura ba ta damu da sunan da aka ba abu ba. An kafa ƙa'idoji ne domin mutumin da zai karanta aikin daga baya, kamar dai yadda aka daidaita rubutun boko don Bakano da Basakkwace su karanta takarda guda. Kamfanin Sun ya tanada cewa a Java sunan aji ya fara da babban baƙi, sunan aiki ya zama aikatau mai farawa da ƙarami, a haɗe kalmomi da babban baƙi a tsakiya tamkar tozon raƙumi, misali karɓiRuwa. Python ya sami nasa kundin, PEP 8, a 2001. Tun fitowar Python 3 a 2008 ana iya sa ƙ da ɗ da ɓ a cikin suna, ko da yake kundin ya ce babbar taskar harshen ta tsaya ga baƙaƙen Ingilishi.

5.0 Darasi ga Fadama

An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadama ta ragu, ciyawar kacala ta toshe wasu hanyoyin ruwa. A tunanin da ya rinjaya lokacin gina manyan madatsu, ruwan da ya malala fadama ɓarna ne. Amma a littafin da G. E. Hollis da W. M. Adams da M. Aminu-Kano suka tace a 1993, an nuna cewa noma da su da itacen da fadamar Haɗeja da Nguru ke bayarwa sun fi abin da aikin noman rani na kogin Kano ke samarwa, in an auna da yawan ruwan da kowanne ya sha.

A nan ne tarihin biyu suka haɗu. Mai tsara manhajar rabon ruwa yana iya rubuta abin da ya fita daga kogi da sunan asara, ko kuwa ya buɗe wa Fadama aji nata, da manomi da masunci da makiyayi a ciki. Na'ura za ta karɓi kowanne daga cikin biyun, amma shawarar da hukuma za ta yanke a kan sakamakon ba ɗaya ba ce.

6.0 Kammalawa

Shawararmu ga masu koyar da wannan fanni a Kazaure da Dutse da Kano ita ce su fara daga inda Dahl da Nygaard suka fara, watau daga duban zahiri. A kai ɗalibi bakin fadama a Jahun, ya tambayi manoma sunayen ƙasa da na ruwa da lokutan cika da janyewa, kafin ya zana aji ko ɗaya. Sa'an nan a zauna a daidaita kalmomin fannin da Hausa, domin wanda lissafin ya shafa ya iya karanta shi, ya kuma yi gyara inda aka manta da shi.