Baƙin kashin jariri sabon haihuwa: Ma'anarsa da lokacin da ya kamata a garzaya asibiti

Cikin tambayoyin farko da ungozoma ko likita ke yi wa mai jego akwai wannan: jaririn ya yi bayan gida? Tambayar tana da dalili mai ƙarfi. Fitar kashin farko ita ce shaidar cewa hanjin jariri a buɗe yake har zuwa dubura, kuma yana aiki. Jariri ba ya iya faɗin abin da ke damunsa, amma lokacin da ya yi bayan gida da launin abin da ya fitar suna nuna halin da cikinsa yake ciki.

Sanin wannan ya fi zama dole a inda ake yawan haihuwa a gida. Binciken Ƙasa kan Yawan Al'umma da Lafiya na shekarar 2018 ya nuna cewa haihuwa 39 kacal cikin 100 ake yi a asibiti a Najeriya. Ke nan a gidaje da dama uwa da kaka da ungozomar unguwa su ne masu duba jariri a kwanakin farko.

Mene ne baƙin kashin?

Likitoci na kiransa mekoniyom. Baƙi ne mai sirkin kore, yana da danƙo kamar kwalta, kuma kusan ba ya wari. Yana fara taruwa a hanjin ɗan tayi tun wajen wata na uku zuwa na huɗu na ciki. Abin da ya haɗa shi ya ƙunshi ruwan mahaifa da ɗan tayi ke haɗiya, da majina, da ruwan maɗaciya, da saɓar bangon hanji, da lallausan gashin da ke zuba daga jikinsa. Ruwan maɗaciyar ne ke ba shi wannan duhun launi. Rashin warinsa kuwa ya samo asali ne daga ƙarancin ƙwayoyin halittar da ke zama a hanji, domin ba su riga sun yawaita ba sai jariri ya fara shan nono.

Saboda haka baƙin kashi a kwana biyun farko ba cuta ba ne, kuma ba ya buƙatar magani. Ruwan ɗumi da auduga ko tsumma mai tsabta sun isa a wanke shi, kuma shafa ɗan mai mara ƙamshi na hana shi manne wa fata.

Yaushe ya kamata ya fito?

Fiye da jarirai 90 cikin 100 da aka haifa a cikakkun watanni suna yin kashin farko cikin awa 24, kusan dukkan sauran kuma kafin awa 48. Bakwaini na iya ɗaukar lokaci fiye da haka, domin hanjinsa bai gama ƙwari ba. Ƙa'idar da ya kamata iyaye su riƙe ita ce, idan awa 24 ta cika babu bayan gida a sanar da ma'aikacin lafiya ya duba jaririn. Idan aka kai awa 48, to wajibi ne a kai shi asibiti ko da yana kama nono yana barci lafiya.

Daga kwana na uku launin kan fara sauyawa zuwa kore mai sirkin ƙasa-ƙasa, danƙon kuma ya ragu. Zuwa kwana na huɗu ko na biyar, jaririn da ke shan nonon uwa yana yin bayan gida mai launin rawaya, mai ruwa-ruwa, da 'yan gudaji kamar ƙwayar riɗi. Yana iya yi sau uku ko fiye a rana, wani ma duk bayan shan nono, kuma wannan ba gudawa ba ce. Mai shan madarar gwangwani nasa ya fi kauri da wari. Bayan mako shida wasu jariran da ke shan nono zalla kan yi kwanaki ba su yi bayan gida ba, kuma babu damuwa matuƙar idan ya zo da taushi yake, cikin bai kumbura ba, jaririn kuma yana ƙara nauyi.

Idan har kwana na biyar baƙin kashin bai washe ba, galibi alama ce ta cewa nono bai ishi jaririn ba. Fitsari ma ma'auni ne, domin zuwa wannan lokaci ya kamata ya riƙa jiƙa nafkin sau shida ko fiye a rana.

Amfanin dakashi

Abin da Allah Ya tanada don fitar da baƙin kashi shi ne dakashi, wato nonon farko mai kauri da launin rawaya. Yana motsa hanji, yana kuma ɗauke da sinadaran kariya daga cututtuka. Wannan ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya da asusun UNICEF suka ba da shawarar a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, a ci gaba da nonon zalla har wata shida.

A wasu gidaje har yanzu ana matse dakashi a zubar bisa zaton gurɓatacce ne, a ba jariri ruwa ko madarar akuya ko jiƙe-jiƙe kafin "nono ya gyaru". Illar haka ba ta tsaya ga yunwa ba. Baƙin kashi yana ɗauke da sinadarin bilirubin, wanda yawansa a jini ke haddasa ciwon shawara. Idan kashin ya daɗe a hanji, jiki na sake tsotse sinadarin, sai idanu da fatar jariri su koma rawaya. Shawarar da ta yi tsanani tana iya taɓa ƙwaƙwalwa, ta bar yaro da kurumta ko nakasar motsi. Wadda ta bayyana cikin awa 24 na farko kuwa ba a jira da ita.

Abubuwan da ke hana kashin fita

Na farko shi ne a haifi jariri babu ƙofar dubura, ko ƙofar ta fito a wurin da ba nata ba. Ana samun haka a kusan jariri ɗaya cikin 5,000. Matsalar takan ɓoye, musamman ga 'ya mace, domin kashin na iya tsiyayowa ta wata 'yar hanya kusa da gabanta, iyaye su ga nafkin ya ɓaci su ɗauka komai lafiya. Ga namiji kuwa yakan fito haɗe da fitsari. Don haka a wankan farko ya kamata a duba da ido a tabbatar daga inda yake fita. Ana gyara wannan ta hanyar tiyata, wani lokaci a fara buɗe wata ƙofa ta wucin gadi a gefen ciki kafin babban aikin.

Na biyu shi ne cutar Hirschsprung, wadda aka sa wa sunan likitan ƙasar Denmak da ya yi bayaninta a 1886. A nan ƙarshen babban hanji ba shi da ƙwayoyin jijiya masu sa shi ya saki, sai kashi ya taru a sama, ciki ya kumbura. Ita ma tana samun kusan jariri ɗaya cikin 5,000, kuma ta fi yawa ga maza, kusan ninki huɗu. Idan ba a gano ta da wuri ba, yaro kan tashi da taurin bayan gida da tulelen ciki da rashin girma, hanjin kuma na iya ruruwa ya jefa rayuwarsa cikin haɗari.

Akwai kuma toshewar hanji tun daga halitta, da daskarewar kashin kansa ya zama kamar toshi. Sanar da likita magungunan da aka ba uwa lokacin naƙuda na taimakawa, domin allurar magnesiyom da ake yi wa mai jijjigar haihuwa kan sa hanjin jariri ya yi nawa.

Alamar da ba a kwana da ita ita ce koren amai. Tumbuɗi fari bayan shan nono abu ne da aka saba gani, amma amai kore yana nufin toshewa ko murɗewar hanji har sai likita ya tabbatar da akasin haka. Hanjin da ya murɗe na iya mutuwa cikin 'yan awanni. Manyan asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Sakkwato da Maiduguri suna da likitocin tiyatar yara, kuma ƙaramin asibiti mafi kusa zai iya ba da takardar turawa.

Idan ya yi kashin tun yana cikin mahaifa

A kusan haihuwa ɗaya cikin goma, jariri kan saki kashin tun kafin ya fito, sai a ga ruwan faya kore ko ƙasa-ƙasa. An fi ganin haka idan ciki ya wuce lokacinsa, ko an yi doguwar naƙuda, ko uwa na da hawan jini, domin ƙarancin iska na sa hanjin ɗan tayi ya motsa. Mafi yawan irin waɗannan jarirai suna fitowa lafiya, amma kaɗan daga cikinsu kan shaƙi gurɓataccen ruwan zuwa huhu, ya toshe ƙananan hanyoyin iska. Alamunsa su ne numfashi da sauri, nishi, lotsawar ƙirji, da duhun leɓe da harshe. Duk macen da fayarta ta fashe a gida aka ga ruwan ya sauya launi, a kai ta asibiti nan take.

Launuka uku masu haɗari

Rawaya da kore da ƙasa-ƙasa duk launukan lafiya ne. Uku ne ke buƙatar likita.

Fari ko mai launin toka yana nuna ruwan maɗaciya ba ya isa hanji, kuma yana iya zama toshewar hanyoyin maɗaciya, musamman idan shawara ta wuce mako biyu, fitsari kuma ya yi duhu. Tiyatar da likitan Japan Morio Kasai ya ƙirƙiro ta fi nasara idan an yi ta kafin jariri ya cika kwana 60. Muhimmancin gaggawar ne ya sa ƙasar Taiwan tun 2004 take raba wa iyaye kati mai launukan bayan gida don su riƙa gwadawa.

Ja yana nufin jini. Yana iya zama wanda jariri ya haɗiya daga tsagaggen kan nono, yana kuma iya zama zubar jini saboda ƙarancin bitamin K, wanda allura ɗaya bayan haihuwa ke karewa. Baƙi kuma, idan ya dawo bayan baƙin kashin farko ya wuce, yana iya zama jinin da ya narke a ciki.

Gudawa ta gaskiya ana gane ta da bayan gida tsararo da ya ƙaru ba zato, da raguwar fitsari, da faɗawar maɗiga, da ƙin kama nono. A ci gaba da shayarwa a kan hanyar asibiti. Zazzaɓin da ya kai digiri 38 ga jariri ɗan ƙasa da wata guda shi ma na asibiti ne.

Abin da ba a yi

Ba a ɗura wa jariri ruwan sabulu ko jiƙo ta dubura, ba a tura masa yatsa ko tsinke, ba a kuma ba shi maganin saki na kemis. Waɗannan na iya huda hanji ko su ɓoye cutar da ke buƙatar tiyata. Zuma ba ta dace da yaro ɗan ƙasa da shekara ɗaya ba, saboda ƙwayar cuta mai shanye jiki da ake iya samu a cikinta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a duba uwa da jariri cikin awa 24 na farko ko da a gida aka haihu, sannan a kwana na uku, da mako na biyu, da mako na shida. Gidaje da yawa kan ɗage fita da jariri sai bayan suna, alhali yawancin matsalolin da aka ambata suna bayyana ne kafin ranar. Uban da ke lissafin rago da goro, yana da kyau ya tambayi mai jego tun daren farko ko jaririn ya yi bayan gida, da ƙarfe nawa, kuma wane launi ne.