Wayar Katsina da Kuɗin Wutar Tasawa

A Tasawa farashin wutar lantarki ba ya hawa da rana ya sauka da dare. Gwamnati ce ke yanke shi a Yamai, kuma abin da aka yanke shi ake bi daga Gaya har Diffa. Duk da haka, magidancin da ke da mita a gidansa ya san takardar da NIGELEC, kamfanin wutar Nijar, ke kawo masa bayan Afrilu da Mayu ba irin ta lokacin sanyi ba ce. Ya kuma san watannin da kuɗin ya fi nauyi su ne watannin da aka fi ɗauke wutar. Ya biya da yawa, ya kwana cikin zufa. Asalin wannan lamari yana kan wata waya da ta taso daga Katsina ta sauka Gazawa.

An kafa NIGELEC a 1968, shekarar da Nijeriya ta kammala madatsar ruwa ta Kainji. A 1976 aka ja waya daga Birnin Kabi zuwa Yamai, babban birni ya fara shan wutar ruwa mai araha. Arewacin Nijar kuma ya samu tasa daga gawayin Anu Araren, inda tashar SONICHAR ta fara aiki a 1981 domin ma'adinan uraniyom da garin Agadas. Tsakiyar ƙasa aka bari da injinan gazuwal. Maradi da nata, Damagaram da nata, ƙananan garuruwan da suka yi sa'a kowanne da ɗan injinsa. Gazuwal ɗin ma a tanka yake zuwa daga nesa, don a lokacin Nijar ba ta da matatar mai. Wuta a wancan zamani ta ma'aikatu ce da asibiti da gidajen manyan ƴan kasuwa. Sauran jama'a fitilar kananzir ce.

A 1994 abu ya sake. Waya mai ƙarfin kilobolt 132 ta tsallako iyaka daga Katsina zuwa Gazawa, daga nan ta rabu biyu, reshe guda ya nufi Maradi, guda ya nufi Damagaram, ƙananan wayoyi kuma suka riƙa kai wuta garuruwan kewaye. Tasawa, wadda sarautarta ma daga Katsina ta samo tushe, sai ga ta kusa da bakin wannan sabuwar hanya. A watan Janairun shekarar aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ake sayowa daga waje ya yi tsalle, ciki har da mai da kayan gyaran inji. Wutar Nijeriya ta zo a kan gaɓa. Farashin da aka tsaida a wancan lokaci, wajen sefa 79 kowane kilowat na awa guda, ya zauna fiye da shekara ashirin ba a ɗaga shi ba. Yara suka tashi suka yi aure a kan farashi guda.

Sai dai waya tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka, jama'a kuwa ƙaruwa suke. Ƙidayar 2001 ta sami mutum miliyan 2.2 a jihar Maradi, ta 2012 ta sami miliyan 3.4. Kayan wuta ƴan China suka yi araha a kasuwannin Kano da Maradi. Gidan da a da ƙwan fitila biyu ne kaɗai, yanzu akwai fanka a kowane ɗaki, ga talabijin, ga firigon da uwargida ke yin ƙanƙara da zoɓo na sayarwa. A bakin titi ga mai walda, ga injin niƙa, ga mai cajin wayoyi. Kuma duk a lokaci guda suke buƙatarta: tsakar ranar bazara, sa'ad da zafi ya haura digiri 40, da kuma bayan magariba.

A nan tsada take shigowa. Idan nauyi ya yi wa waya yawa sai ta ɗumama, wani kaso na wutar ya salwanta a hanya. Asarar kuma ba daidai da nauyin take hawa ba: in abin da ke bin wayar ya ninka biyu, asarar sau huɗu take ninkawa. Wanda ke ƙarshen layi, kamar mutanen wajen Mayahi, shi ke fara gani. Ƙwan fitila ya yi ja, fanka ta riƙa juyawa da ƙyar, firigo ya yi ta gurnani ya kasa tashi, wani lokaci ma injinsa ya ƙone. Kamfani kuma abu biyu ne a gabansa: ko ya ɗauke wa wata unguwa ya ba wata, ko ya tada injinan gazuwal su cike giɓin. Wutar inji ta ninka wadda ake sayowa daga Nijeriya tsada, ko bayan da matatar SORAZ ta buɗe a Damagaram a 2011. Ke nan kilowat ɗin ƙarshe, wanda ake nema a tsakiyar zafi, shi ya fi kowanne tsada, alhali kafin 2018 kamfanin a farashin 1994 yake sayar da shi.

Wannan lissafi ba zai ɗore ba. An kafa hukumar ARSE mai sa ido kan makamashi a 2015, kuma daga Janairun 2018 sabon farashi ya fara aiki, mai hawa-hawa kamar matakala. Ƙaramin gidan da bai wuce kilowat 50 a wata ba an bar masa farashin talaka, wajen sefa 59. Sauran ƙananan gidaje kuwa, kilowat 150 na farko wajen sefa 68, daga nan zuwa 300 wajen sefa 90, abin da ya haura 300 kuma wajen sefa 127, kafin a ɗora haraji. Dabarar ita ce mai sha da yawa ya biya da yawa, kuma a ganina akwai adalci a cikinta. Shi ya sa takardar bazara ke firgita mutane: abin da aka sha ya ƙaru, kuma ƙarin ya faɗa a hawa mafi tsada.

Inda adalcin ya karkace shi ne gidan yawa. A Tasawa, kamar sauran garuruwanmu, mita guda tana iya ɗaukar sashen maigida, da na ƴaƴansa masu aure, da ɗakunan haya, har a miƙa wa maƙwabci waya ta kan katanga saboda kuɗin sa mita ya fi ƙarfinsa. Kowane iyali a cikinsu, in da mitarsa yake, farashin talaka zai biya. Da yake an haɗa su a lissafi guda, sai mitar ta ɗauke su a matsayin attajiri ɗaya mai na'urar sanyaya ɗaki. Ƙarshen wata a zauna a zaure ana ƙidayar ƙwai da fanka, ana gardama a kan wa ya kwana da firigo a kunne.

Akwai kuma kuɗin da ba ya fitowa a takarda ko kaɗan. Tela da mai walda su sayi man gurup su ɗora a kan kuɗin aiki. Ƙanƙara ta yi tsada, musamman a shekarun da azumi ya riƙa faɗowa cikin zafi. A ƙauyukan Kanambakace da Urafan da wayar ba ta kai ba, mutum yana biyan kuɗin cajin salula da batirin tocila, wanda in aka auna da ɗan abin da ya samu, ya fi na birni biya nesa ba kusa ba.

Shekarar 2023 ta nuna ƙarshen abin. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi, Nijeriya ta katse wutar a farkon Agusta, a lokacin da kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da NIGELEC ke rabawa daga can take zuwa. Yamai ta jingina da injinan Goru Banda da Gudel da sabuwar tashar hasken rana mai megawat 30. Yankin tsakiya, Maradi da Damagaram da Tawa, sai injinansa da ƴar tashar rana ta Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, wuta ta dawo a watan Maris. A Oktoban shekarar kuma manyan layukan da ke kai wuta arewacin Nijeriya suka lalace, Kano da Katsina suka yi kwanaki cikin duhu, kuma Katsinar da ba ta da wuta ba abin da za ta aiko Gazawa.

Madatsar Kandaji, mai megawat 130, tun 2008 aka aza tubalinta. Ko ranar da ta fara aiki, wutarta ba za ta iso Tasawa ba sai an haɗa layin yamma da na tsakiyar ƙasa, aikin da ake sa rai layin Zabori zuwa Malbaza zai yi. Kafin nan akwai abin da bai buƙatar jiran madatsa: a sauƙaƙa kuɗin sa mita, kowane iyali ya samu tasa, don farashin talaka ya kai ga waɗanda aka yi shi dominsu.